Makullin da Ke Bakin Zanen Mahaifiyarka

Zuwa ga ɗana, mai sunan surukina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka Balkisu, tare da fatan takardar nan ta same ku kun sauka Zurmi lafiya. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa ka shiga aikin malamin gona da ƙafar dama, ya haɗa ka da mutanen kirki a duk ƙauyen da za ka taka.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da kuka kwana gida ɗaya shekara ashirin da shida, bai taɓa yi maka maganar da ta wuce "an yi salla?" ba. Kai ɗan fari ne, ka san yadda abin yake a wurinmu. Ita takarda ba ta da ido, shi ya sa na ga gara in faɗa mata ta faɗa maka.

Bari in fara da laifina. Ana gobe za ku tashi na buɗe jakarka ba da izininka ba. A ƙarƙashin rigunanka na tarar da 'yar ƙugiyar wayar nan tawa, wadda ake zurawa ta gefen gilashi a buɗe mota ba da makulli ba. Tun watan jiya na lura ta ɓace daga akwatin kayan aikina, kuma na hango ka ta zaure kana gwada ta a jikin motar, kana murmushi irin wanda na san daga inda ka gado shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na cire ta daga jakar, tana nan wurina. Motar na ba ka halak malak, amma ƙugiyar ba za ta bi ka ba, kuma dalilin da ya sa shi ne abin da zan ba ka labari.

Ka san motar nan na saye ta ne shekarar da aka ba mu jiharmu, bayan na bar aikin reluwe. 'Yar Kwatano ce, wani mutumin Jangeru mai shigo da motoci ya kawo mini ita. Abin da ya fara burge ni da ita ba injin ba ne, ƙofar ce. Sai ka danna ɗan maɓallin nan na bakin gilashi, ka ɗaga mariƙin ƙofa, ka tura, shi ke nan ta kulle, ba ka ko taɓa makulli ba. Ni da na yi shekaru ina fama da sakatun taragon jirgi masu nauyin jaki, wannan abu ya shiga raina. Ina yi ina sakewa kamar yaro ya sami sabon wasa.

Sati biyu da sayenta na ɗauki mahaifiyarka zuwa kasuwar Ƙaura. Na fito, na danna, na ɗaga, na tura, ina satar kallon masu kallona. Da muka gama sayayya na laluba aljihu, babu komai. Na leƙa ta gilashi, ga makulli yana lilo a mazauninsa. Mutane suka taru, kowa da shawararsa. Mahaifiyarka tana gefe da kwando a ka, ta matso ta ce, "Malam, in yi magana?"

Na ce, "Ke dai tsaya can. Mi mace tas sani ga mota?"

Ta koma ta tsaya. Na ja ƙofar direba har sau goma kamar za ta sake shawara. Zufa ta jiƙa ni, kunya ta ishe ni, na ɗauki dutse na rotsa gilashin. Ƙarar ba ta gama mutuwa ba sai na ga mahaifiyarka ta taka a hankali, ta kama ƙofar baya, ta buɗe, ta ajiye kwandonta, ta shiga ta zauna. Ashe da ta fita ba ta danna komai ba, don ba wanda ya taɓa nuna mata ana dannawa. Har yau akwai wani mai gishiri a kasuwar da in ya gan ni sai ya tambaye ni lafiyar gilashi.

To ka ji na farko. In ƙofa ta rufe da kai a waje, kada ka tsaya kana jan wadda ta ƙi ka. Zagaya motar, taɓa ƙofa huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, taɓa but. Kuma in wani ya ce zai yi magana, bar shi ya yi, ko da kana ganin bai san gaban mota daga bayanta ba. Dutse shi ne na ƙarshe. Wuri ɗaya na yarda ka fara da shi: in akwai rai a ciki, jariri ko mara lafiya, ga rana. Nan kada ka yi shawara da kowa, fasa gilashin da ya fi nisa da shi. Ni na yi wata guda ina yawo da leda a taga kafin a samo mini wani daga Gusau, ban mutu ba.

A hanyarmu ta komawa gida ranar, iska tana marina ta tagar da na fasa, mahaifiyarka ta ce in ba ta makulli na biyu ta ajiye. Na miƙa mata ina dariya, na ce ko tuƙi za ta koya. Ta karɓa. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, inda take ƙulle goro, kuma tun daga ranar duk zanen da ta ɗaura sai makullin ya koma bakinsa. Na yi shekaru ina tsokanarta da Sarkin Makullai.

Mai hankali da ya tsaya nan. Ni kuwa ka san ciwona: ba na iya ganin abu yana aiki ban san yadda yake yi ba. Tambayar ta hana ni sakat. Me ke cikin ƙofar nan tsakanin maɓalli da sakata? Me ya sa dannawa ke kullewa, amma sai an ɗaga mariƙi? Na tafi wurin Garba mai makulli, wanda ke zama bakin tasha da faifan tsofaffin makullai a gabansa. Na kai masa goro, na zauna. Da farko ya ɗauka ciniki na kawo. Da ya gane tambaya ce kawai, ya dube ni ya ce, "Isiyaku, wanga ilimi ba a son shi ga hannun wanda ba sana'atai ba ta."

Na nace. Kwana uku ina zuwa. A na huɗu ya cire bangon cikin ƙofar wata matacciyar mota ya nuna mini. Ashe wani siririn ƙarfe ne kawai ya sauko daga maɓallin zuwa sakata, bai fi tsinken tsire kauri ba. Duk girman motar da tsadarta, amanarta tana rataye a jikin wannan ɗan ƙarfe. Wallahi na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba. Ya nuna mini yadda ake lanƙwasa waya, yadda ake zura ta tsakanin gilashi da roba, yadda hannu ke jin ƙarfen tun ido bai gan shi ba. Ya kuma gaya mini cewa irin waɗannan motoci in makullinsu ya tsufa ya suɗe, na wata yakan buɗe wata. Na gwada, na ga gaskiya ne, na riƙe wannan a kaina kamar karatu.

Daga nan na zama likitan ƙofofi. Duk wanda ya kulle makullinsa daga Ƙaura zuwa Ɗan Isa, a kira Isiyaku na reluwe. Ba na karɓar ko sisi, kallon da ake yi mini in maɓalli ya yi tsalle shi ne ladana. Na ɗaure ƙugiyar a ƙarƙashin motata don kada ta yi nisa da ni. Mahaifiyarka ta ce mini sau ɗaya, "Malam, a garinku sun san ka. Ran da kay yi wanga abu inda ba a san ka ba, mi za su kira ka?" Na ce ta cika tsoro.

Ba zan ce maka kada ka yi tambaya ba, don matambayi ba ya ɓata, kuma aikin da ka samu ma na masu tambaya ne. Buɗe ƙofar ka ga cikinta in kana so. Amma akwai sanin da ake bari a kai, ba a saukar da shi zuwa hannu a gaban jama'a. Garba yana da rumfa da faifai da shekara talatin a bakin tasha, su ne shaidarsa. Ni ba ni da komai sai waya.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki biro. Kana makaranta a lokacin, kuma mun ɓoye maka.

'Yan watanni ne da fara aiki da shari'a. Ka tuna yadda gari yake: ko'ina ka zauna, a majalisa ko a mota, maganar hannun ɓarawo ake yi. Ƙanwar mahaifiyarka ta haihu a Shinkafi, suna ya faɗo ranar kasuwa. Na sauke ta a ƙofar gidan, na gaisa da surukai a tsaye, na wuce kasuwa don in ga yadda ake cinikin raƙuma, abin da na daɗe ina son gani. Na ajiye mota kusa da kara. Bazara ce, zafi kamar a gasa gurasa. Da aka kira azahar na tuɓe jamfata don in yi alwala a sake, na jefa ta kan kujera, na danna, na ɗaga, na tura. Makulli yana aljihun jamfar.

Ka san abin da ya fi ba ni haushi in na tuna? Da na idar da salla na gane abin da ya faru, murna na yi. Na ce yau mutanen Shinkafi za su ga aiki. Na durƙusa na kwanto ƙugiya daga ƙarƙashin mota, na zura ta gefen gilashi, na kanne ido ɗaya ina lalube. Ka dubi hoton da kyau: baƙo, daga shi sai 'yar shara da wando, ya zaro waya daga maɓoya, yana cusa ta a ƙofar mota lokacin da rabin kasuwa ke masallaci.

Sai na ji an damƙe wuyan hannuna, na dama.

Kafin in ɗago, mutane sun kewaye ni. Wani ya ce ɓarawo, wani ya amsa daga can baya, kalmar ta tafi tana ƙaruwa. Na ce motata ce. Aka yi dariya. Na dubi wuyan hannun nan nawa a cikin hannun wani ƙato, na ga kamar ban taɓa ganinsa ba. Na san malamai sun ce hukuncin yana da sharuɗɗa masu yawa, ba haka kawai ake yinsa ba. Amma taron kasuwa ba ya buɗe littafi, kuma ko alƙali ya wanke ka, sunan da aka kira ka da shi a kara ya riga ka isa gida. Tsoro ya kama ni.

Allah ya kawo wani dattijo, Malam Buhari, shugaban 'yan agajin kasuwar. Ya sa aka sake ni, aka zaunar da ni a inuwar motar. Ya ce, "Bawan Allah, kac ce taka ta. Mi ash shaidarka?"

Na nuna masa wata ambulan ta ofishin fansho da ke kan dashbod, sunana a rubuce ɓaro-ɓaro. Na ce ga sunana can, Isiyaku Mamman. Wani mai jar hula ya ce, "Kowa ad da ido ya iya karanta shi ta gilashi." Gaskiyarsa.

Malam Buhari ya juya ƙugiyar a hannunsa ya ce, "Ina kak koyi wanga aiki?"

Ɗana, a nan ne ubanka ya nuna kansa. An yi mini tambaya a kan abin da nake so, sai na manta a inda nake. Na shiga bayani: siririn ƙarfe, sakata, roba, yadda hannu ke ji. Har na ƙara da cewa ai irin motocin nan makullin wata ma yana buɗe wata. Ina cikin zuba na lura kowa yana kallona, irin kallon da ake yi wa akuyar da ta kai kanta mahauta. Baki shi ke yanka wuya, ni na kusa ba shi hannu.

Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Akwai wanda yas san ka garin ga?"

Akwai mana. Amma in ce a kirawo surukaina su same ni a 'yar shara ana ce mini ɓarawo? Ko in ce a kawo matata tsakiyar maza a kara? Na sunkuyar da kai. Na zauna da girman kaina har inuwa ta juya. Sai da dattijon ya ce to ba shi da abin yi illa ya miƙa ni gaba, sannan bakina ya buɗe. Ya kira wata mai fura, na kwatanta mata gidan sunan, na ce ta nemi yayar mai jego, wadda ta zo daga Ƙaura. Da ta tafi, ya ɗauki dardumarsa ya shimfiɗa a kan gilashin gaba, ya rufe ambulan ɗin. Ban gane dalili ba a lokacin.

Ta daɗe ba ta iso ba, don lokacin an hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, da ƙafa ta zo. Ita kaɗai. Ba ta gaya wa kowa a gidan sunan ba, ta ce musu kawai za ta karɓo saƙo. Maza suka dare ta wuce. Ba ta dube ni ba. Ta sunkuya ta kwance bakin zanenta, ta miƙa wa Malam Buhari makulli. Ya sa, ya murɗa, maɓalli ya yi tsalle. Na sauke ajiyar zuciya.

Mai jar hula ya ce, "Shi da bakinai yac ce makullin wata na buɗe wata. A duba takardu."

Aka ciro takardun mota. Sunan mutumin Jangeru ne a jiki. Shekara huɗu ina cewa gobe zan je a sauya, goben ba ta zo ba. Hayaniya ta sake tashi, ta fi ta farko, har ana cewa tare muke da ita.

Malam Buhari ya ɗaga hannu. Ya ɗauko ambulan ɗin ya kife ta a ƙirjinsa, ya juya wurin mahaifiyarka. Ya tambaye ta ko ta yi boko, ta ce a'a. Ya ce, "To ba ki karanta ba, ba ki kuma yi magana da shi ba. Mi as sunan mijinki?"

Ka san mahaifiyarka. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa kama sunana ba. Ko wani mai irin sunan za ta ambata, sai ta ce mai sunan Malam. Ta tsaya kanta a ƙasa. Sai wani ya ce, "Kun gani, ba ta san shi ba."

Ta ce a hankali, "Baba, shekara ashirin da huɗu ban hwaɗi sunan ga ba."

Ya ce, "Na sani, ɗiyata. Lalura ta. Hwaɗi sau guda."

Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Sannan ta ce, da muryar da har na bayan taro sai da suka ji, "Isiyaku. Isiyaku ɗan Mamman."

Dattijon ya juya ambulan ɗin ya nuna wa mai jar hula. Taro ya fara watsewa, wasu suna ba ni haƙuri, wasu suna dariya. Ni kuwa ina zaune a ƙasa, abin da ke yawo a kaina daban ne. Ashe haka sunana yake a bakinta. Ban taɓa ji ba sai ranar, ban kuma sake ji ba har yau. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, don na san abin da na sa ta kashe saboda wasan banza. Na kuma ji wani abu da ba zan iya rubuta maka ba ko a takarda.

Muka kamo hanyar Ƙaura har muka wuce rabi. Can ta ce, "Malam, wayar nan." Na ce na ji. Na jefa ta cikin akwati da muka isa, ban sake taɓa ta ba sai da na ciro ta daga jakarka. Washegari na tafi aka sauya takardu.

Saboda haka ka saurare ni. Takardun motar na riga na mayar da su sunanka, ka yi musu hoto ka riƙa yawo da shi a jikinka, ba a cikin mota ba. Kada ka kulle ƙofa da dannawa, kulle ta da makulli a hannunka, ko mutane za su ce kai baƙauye ne. In za ka tuɓe riga don alwala, laluba aljihu tukuna. Aikinka zai kai ka Gurbin Ɓore da ƙauyukan da ba a taɓa jin sunan gidanmu ba. Duk inda ka sauka, fara da gaida mai gari da liman kafin ka duba gona, don ranar da za ka nemi wanda ya san ka. In kuma duk da haka ƙofa ta rufe da kai a waje, kada ka taɓa ta kai kaɗai. Nemi dattijon wurin, gaya masa, a kira mai makulli ya buɗe a gabansa. In kana da wanda za a kira, kira shi tun inuwa ba ta juya ba.

Za ka lura makulli ɗaya na ba ka. Na biyun ba nawa ba ne da zan bayar. Da safen da za ku tashi mahaifiyarka ta kira Balkisu ɗaki, ta kwance bakin zanenta ta ba ta. Ina tsakar gida na ji tana cewa, "Ƙulle shi da kyau. Irin gidan ga ba su jin magana sai sun ga taro." Don haka in matarka ta ce za ta yi magana, ka ajiye dutsen. Ka riƙa gaya mata inda za ka. Kuma ka yi zaman da ba za ka taɓa sa ta tsaya gaban maza ta sayo ka da kunyarta ba.

Jiya na ga mahaifiyarka tana shafa bakin zanen, wurin ya lanƙwashe da siffar makullin, ya ƙi miƙewa. Ta ce zanen ya yi mata sakayau. Na gane nufinta, don ni ma haka gidan ya yi mini tun da kuka tafi.

Ita ta faɗi suna sau ɗaya don ta tsare hannuna. Ni ma bari in faɗa sau ɗaya, tunda lalura ce. Allah ya tsare ka, Sulaimanu. Ya tsare hannunka da sunanka, ya buɗe maka ƙofofin alheri ta hanyar da ba za ka ji kunya ba in an gan ka. Ya dawo mana da ku lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
daga Ƙaura Namoda.